Akushin da Ya Sauko Cike

A zamanin Sarki Jatau na Kurmaza, Allah Ya jiƙan magabata, daga birni har bakin kogin da ya raba su da ƙasar Ƙetare duwatsu ne jere. Kowane dutse da ƙauye a gindinsa, kowane dutse da mutanensa a kai, su ake kira 'Yan Dutse. Ba sa noma, ba sa fatauci, aikinsu ido ne kawai. In sun hango mahara sai su buga ganga, na gaba ya karɓa, na gabansa ya karɓa, kafin mahara su gama shayar da dawaki a kogi labari ya shiga birni. In kuwa gari ya waye ƙalau, gangar lafiya ce za ta taso daga dutsen Gamji, na can bakin kogi, ta biyo duwatsu har kunnen fada, sannan a buɗe ƙofofin birni.

Cinsu a wuyan ƙauyen gindinsu yake. Gida-gida ake zagayawa, yau matan wannan gida su tuƙa tuwo su hau da akushi, gobe na wancan. Ba a taɓa naɗa wani don ya duba 'Yan Dutse ba, don babu bukata. Matar da ta hau dutse da tuwo a ka ai ta ga wanda yake nan da wanda ba ya nan, ta ga mai barci, ta ga mai zazzaɓi. In akushi ya sauko cike, kafin la'asar dagaci ya ji.

Madaki Tunau, shugaban mahayan Sarki, shi ya kashe wannan al'ada da bakinsa. Kuma ba don mugunta ba. Wani dagaci ne ya haɗa baki da mahara, ya ce wa 'Yan Dutsensa su yi shiru, su kuwa suka yi, don tuwonsa suke ci. A wannan harin aka kashe ƙanen Tunau. Ranar da aka yi sadakar uku Tunau ya tsaya gaban Sarki idonsa jawur, ya ce muddin ƙauye ke ciyar da su, na ƙauye ne, ba na Sarki ba. Aka yi doka. Kowane ƙauye ya tara damin tsaro, jakunan Sarki su kwashe zuwa rumbun fada, daga can a auna a mayar wa kowane dutse rabonsa. Aka sauke 'ya'yan ƙauye, aka hau da baƙi daga wasu garuruwa. Mace kuwa kada ta sake taka dutse. Aka danƙa duba su a hannun Madaki, shi kuma ma'auninsa ɗaya, gangar safe. In ya ji ta, shi ke nan.

Damina biyu aka yi a haka. Da kaka ta yi, ana tsakiyar zaman fada da hantsi, sai ga jakada daga Gamji, ƙafafunsa duk sun tsage, ɗauke da akushi an rufe da faifai. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ajiye.

"Allah Ya ja zamanin Sarki. Dagaci Arzika ya aiko ni. Ya ce in ce wannan daga kan dutse ya sauko, kada in ƙara ko kalma."

Dogari ya ɗaga faifan. Tuwon gero ne, malmala guda ba a taɓa ba, ya bushe ya tsattsage, fumfuna ta kama gefensa. Warinsa ya sa na kusa suka ja rawani kan hanci.

Galadima Nomau ya fara magana, don shi ne babba. "Zaki, ranka ya daɗe. Na yi wa mahaifinka hidima, ban taɓa ganin an ajiye ruɓaɓɓen tuwo gaban gadon Kurmaza ba. Laifi biyu ne a cikin akushin nan. Na farko, an taka dutse, kuma ka hana. Na biyu, talaka ya aiko wa Sarki abin da ko kare ba zai sansana ba. Mutanen Gamji sun daɗe suna ƙunƙuni kan damin tsaro. Yau akushi suka aiko, gobe mashi ne."

Sarkin Rumbu Cindo ya yi caraf ya karɓe. "Allah Ya ba ka nasara, ni dai hatsi ya fita daga hannuna. Gaban mutane aka auna, gaban mutane aka ɗora wa jakuna. In wani ya ce da yunwa a kan dutse, ba daga rumbuna ta fito ba."

"Wa ya ce da yunwa?" in ji Galadima. "Ba mu ji ganga da safen nan ba? Jiya ba mu ji ba? Aljanu ke bugawa?"

Aka yi 'yar dariya. Madaki bai yi ba. Shi a ƙauye ya tashi, uwarsa ta hau dutse da akushi ba sau ɗaya ba, ya san abin da akushi cike yake nufi. Sai kuma ya tuna maganar wasu fatake kwanakin baya, da suka ce sun ga birai zaune a kan duwatsun gabas da rana tsaka suna sosa ciki. Ya yi dariya a lokacin. Yanzu abin ya daina ba shi dariya, don biri ba ya zama inda mutum ke hura wuta.

Sarki Jatau ya juyo gare shi. "Madaki, ka yi shiru, kuma duwatsun a hannunka suke."

"Ranka ya daɗe, ina roƙon izini in je in gani da idona."

Sarki ya dube shi. Sannan ya yi wa dogari nuni, aka kawo igiya sabuwa aka ajiye gaban Madaki.

"Je ka. In ka tarar da 'Yan Dutse a wurarensu, ka zo mini da Arzika ɗaure da wannan, don ya karya dokata ya kuma wulaƙanta gadona. In kuwa ba ka tarar da su ba, kai ka kawo dokar, kai ka karɓi amanar. Ka san wuyan da za ta hau."

Madaki ya ɗauki igiya ya rataya a sirdi. Bayan azahar ya fita da mahaya kaɗan, amintattunsa.

Dutsen farko dab da birni yake. Nan ya tarar da mutane da wuta da tukunya, har hankalinsa ya fara kwanciya. Ya kira mai ganga, wani dattijo Kwasau.

"Yaushe rabonka da jin gangar dutsen gaba?"

Kwasau ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, tun kafin a yi shuka."

"To me kake bugawa kullum, tsohon banza?"

"Yallaɓai, ranar farko na jira. Na jira har rana ta ɗaga. Masu itace da masu nono suka yi cincirindo a bakin ƙofa, ga wata mai naƙuda an kawo a kan jaki. Sai yaronka ya hauro yana haki, ya ce Madaki na tambaya ko mutuwa na yi. To sai na buga. Aka buɗe ƙofa, ba abin da ya faru. Washegari ma haka. Ban ji an sake tambaya ba."

Madaki ya tuna ranar sarai. Zai fita kilisa ne, ƙofa a rufe, ya fusata.

Abin da ya kamata a nan, ya juya doki, ko ya aiki mutum ɗaya fada. Kowa ya san haka, shi ma ya sani. Amma ya dubi igiyar da ke lilo a sirdinsa, sai ya ce wa Kwasau, "Gobe ma ka buga. Kada kowa ya ji wannan maganar sai na dawo."

Dutse na biyu murhu ya yi sanyi, ciyawa ta tsiro a cikin toka. Ganga na jingine, ɓeraye sun cinye fatar. Na uku ma haka, sai kashin birai ko'ina. A gindin na huɗu ya ga wani ƙato yana yankan dawa a gonar wani, ya gane shi, shi da kansa ya ɗauke shi aiki. Mutumin bai ko gudu ba.

"Ranka ya daɗe, sau ɗaya jakuna suka iso mu cikin damina. Ruwa ya duki hatsin a hanya, ya tsira cikin mangala. Muka ci tsiron. Muka ci ganye. Muna hangen hayaƙin girki a ƙasa, an ce in mun sauka roƙo a yanke mana kunne. Da ɗayanmu ya mutu sai muka binne shi muka watse."

Duk wadda ta taɓa riƙe gida ta san hatsin da ya hau jaki ya sauka, ya sake hawa ya sake sauka, ya ratsa hannun mai awo da mai kora da mai gadin rumbu, ba ya isa tukunya yadda ya fito. Amma babu wanda ya taɓa ɗora tukunya a cikin waɗanda suka yi dokar.

Madaki ya juya ya bar mutumin. Dabara ce ta zo masa, irin wadda Shaiɗan ke kawowa da saurin gaske. A kowane dutse, har da waɗanda ya riga ya wuce, ya sa mahaya biyu, ya ce su hura wuta, su share wuri. "Kada ku sauka, ko me kuka gani, ko me kuka ji, sai na aiko." In Sarki ya turo mai dubawa, zai ga hayaƙi a kan kowane dutse. Bai bar zuciyarsa ta ƙarasa lissafin ba, wato in duwatsu cike suke, wuyan Arzika ne.

Da hantsin washegari ya isa Gamji, saura shi da mutum huɗu. Abin da ya fara gani a bakin ƙauye damin tsaro ne, tuli guda ya fi soro tsawo, gero da dawa sababbi, an kewaye da ƙaya ana jiran jakunan Sarki. Daidai gindin dutsen da mutane suka gudu saboda yunwa.

Dagaci Arzika ya fito, gajere ne mai furfura, ya durƙusa. Idonsa ya sauka kan igiya, ya ɗauke.

"Sannu da zuwa, Madaki. Tawa ce?"

"Me ya sa ba ka aiko mini ba, sai ka kai ni gaban Sarki?"

"Na aika ƙofarka, ranka ya daɗe, ba sau ɗaya ba. Na ce gangarmu ta yi shiru. Yaranka suka ce kurmancewa muka yi, ganga na isowa birni kullum. Suka ce wa ya hau ya gani? Ni kuwa an hana ni hawa."

"To wa ya hau?"

"Ni ce." Wata tsohuwa ce ta fito daga zaure tana share hannu da zane, Inna Tarana, yayar dagacin. Ba ta durƙusa ba, gwiwoyinta ba sa yarda. "Tun ina budurwa tuwon sabon gero na farko kan dutse yake hawa, kafin kowa ya sa a baka. Bara na haƙura, ya tsaya mini a wuya. Bana na ce wallahi sai dai a yanka ni. Na hau da rarrafe, ɗan nan, na yi sallama, birai suka amsa. Kai ne ɗan Hakama ta Tsauni, ko? Na san uwarka. Ta iya miyar kuka."

Madaki ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce wa Arzika su hau.

Suna isa ƙoli, tun bai gama mayar da numfashi ba, Arzika ya kama hannun rigarsa ya nuna gabas. Can ƙetaren kogi tsuntsaye ne ke tashi daga fadama, garke bayan garke, kamar ana korarsu. Ƙarƙashinsu wani abu na walƙiya cikin rana, ya ɓace, ya sake walƙiya. Tsinin mashi ne. Ba ɗari ba, ba ɗari biyu ba. Maharan Ƙetare sun ji labarin birai kafin fada ta ji.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Arzika.

Madaki ya ruga wurin ganga. Kangonta ne kawai, babu fata, zanzaro ya yi gida a ciki. Ko da tana da fata, wa zai karɓa? Mahayansa na kan duwatsu babu ganga, kuma shi da bakinsa ya kafe su. A birni kuwa Kwasau ya buga lafiya da safe, ƙofofi a buɗe, mata na daka, mayaƙa na gonakinsu. In mahara suka ƙetare, za su ci Gamji su bi hanya santal har kasuwar Kurmaza. In ya aiki mahayi, kafin ya isa a tara mutane, an gama.

Ya dubi ƙasa, ya ga tulin dami.

"Kawo wuta," ya ce.

Arzika ya gane, ya ja da baya. "Madaki, hatsin Sarki ne. Wanda ya zari zangarniya ɗaya hannunsa ake cirewa. Wanda ya ƙona fa?"

"Ni zan cinna da hannuna. Ka sa a saro ɗanyen ganye a zuba a kai, ina son hayaƙi baƙi."

Haka aka yi. Wuta ta kama gero tana ƙara kamar ana toya gyaɗa, hayaƙi ya miƙe ya tokari sama. Inna Tarana ta tsaya hannu a ka tana kallon gumin shekara guda yana ci, hawaye na zuba, ta ce Allah Ka yafe mana, Kai Ka ba mu. Sannan ta juya ta hau kan mata da faɗa, ta kora su da yara da awaki zuwa bayan dutse.

Kogin bai gama janyewa ba, wuri ɗaya ne doki ke iya ratsawa, mashigi ƙunci tsakanin manyan duwatsu biyu. Nan Madaki ya tsaya da mutanensa huɗu da mazan Gamji, masu baka kaɗan, saura gatari da lauje da sanda. Suka jawo ƙayar da aka kewaye dami da ita suka toshe bakin ruwa.

Mahara suka iso da rana tsaka suna ihu. Na farko suka afka ruwa, kibau suka tare su, dawaki suka yi ta faɗuwa a kan juna. Suka ja baya, suka sake zuwa a ƙasa da garkuwa a gaba. Madaki ya shiga ruwa har cinya yana sara, yana kiran sunan Allah, yana kiran sunan ƙanensa. Biyu daga mutanensa suka faɗi. Mashi ya tsaga masa kafaɗa, ya mayar da takobi hannun hagu. Duk sanda ya ɗaga kai sai ya dubi yamma, ba kowa, sai hayaƙi.

Wajen azahar ƙaya ta buɗe ta gefe guda. Arzika ne ya toshe wurin da jikinsa, gajeren tsoho da gatarin saran itace, yana zagin mahara da uwayensu. Ya tsaya har aka jawo wata ƙayar. Da aka jawo shi baya akwai kibiya a maƙogwaronsa. Ya ɗaga ɗan yatsa sama, ya cika.

Rana ta karkata, hannu ya gaji, mazan Gamji sun ragu. Mahara suka taru don zuwa na ƙarshe. Sai ƙasa ta fara rawa daga baya, aka ji ƙaho. Dawakin Kurmaza ne cikin lifidi, Galadima Nomau a gaba.

Ba taimako ya kawo su ba. Da aka hango hayaƙi daga kan ganuwa, Galadima ya shiga wurin Sarki ya ce ga abin da na faɗa, Gamji ta yi tawaye, sun kashe Madaki sun ƙone hatsinka. Don ladabtar da ƙauye aka tara mayaƙa da gaggawa haka. Da sun san mahara ne, wataƙila da ana nan ana shawara. Allah Shi ke juya al'amari yadda Ya so. Suka zo da fushin da suke yi da talakawa, suka sauke shi kan mutanen Ƙetare, suka tura su cikin zurfi, kogi ya tafi da wanda takobi ya bari.

Da la'asar sakaliya Galadima ya sauko daga doki ya tarar da Madaki zaune jingine da dutse, ana ɗaure masa kafaɗa. Kusa da shi gawar Arzika an lulluɓe da zane, Inna Tarana na zaune a kanta tana korar ƙuda. Galadima ya kori mutane, ya tsuguna, ya yi ƙasa da murya.

"Tunau, na biyo ta duwatsu, na ga hayaƙi a kan kowanne, na ga mutum biyu-biyu. Na kuma san fuskokinsu, ban tsufa haka ba. Amma Sarki bai sani ba. Ƙasa na bukatar hannun nan naka. Ka ce ka tarar da su a wurarensu. Hatsi kuma dagaci ya ƙona cikin ruɗewa. Ya riga ya tafi, igiya ba za ta yi masa ciwo ba."

Madaki ya dubi gawar. Ya dubi tsohuwar, ta daina korar ƙuda, ta zuba masa ido. In ya yarda, gidan Arzika zai zama gidan ɗan tawaye, a kwashe 'ya'yansa, doka ta zauna yadda take, baɗi birai su koma wurinsu.

Ya yunƙura ya tashi da ƙyar, ya je wurin dokinsa, ya kwance igiyar daga sirdi. Ta jiƙe da ruwa da jini. Ya miƙa wa Galadima, ya haɗa hannuwansa biyu a gaba.

"Galadima, Sarki ya faɗi wuyan da za ta hau. Ka ɗaura a hankali, kafaɗar na ciwo."

Galadima ya karɓi igiyar. Sannan ya ɗaura da hannunsa, bai bar dogari ya taɓa shi ba.

Kafin su kama hanya Galadima ya hau da mayaƙa kan dutsen Gamji su tsare kogi. Ana ɗora Madaki kan doki sai ga wata mata ta fito daga bayan ƙauye, goyo a baya, akushi a ka an rufe da faifai, ta nufi hanyar dutse. Dogari ya zabura ya ɗaga bulala, ya waiwayo yana jiran umarni.

Galadima ya juya kan dokinsa yamma, ya ce, "Rana na faɗuwa. Mu tafi."

Madaki na ɗaure yana waiwaye, har matar ta kai rabin dutse.